Ofishin shawarar ritaya a Wuse: inda suka gamsar da ni da inda suka gaza

Tun da sabuwar dokar haraji ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026, bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanya mata hannu a watan Yunin 2025, ma'aikatan Abuja da ritaya ta ƙarato musu suka shiga zulumi, domin magana ta yi ta yawo a ofisoshi da wuraren zaman hira cewa gwamnati za ta riƙa yankar wani abu daga fansho. Wannan zulumi ya buɗe wa wasu akantoci kasuwa, har ga shi ana samun ƙananan ofisoshi da ke karɓar kuɗi su zauna da mutum ɗaya su duba masa yadda samunsa zai kasance bayan ya ajiye aiki, da abin da hukuma za ta nema daga ciki. Na kai kaina ɗaya daga cikinsu, kasancewar shekarun aikina sun ja, kuma abin da zan faɗa a nan shi ne ko abin da suka yi ya cancanci kuɗin da suka karɓa. A ganina ya cancanta ta fuskar haraji da gyaran takardu, amma akwai wurare biyu da bai kamata mutum ya sakar musu ragama ba.

Ofishin yana hawa na biyu na wani bene a Wuse, ba nisa da babbar kasuwa, kuma mutum uku ne ke tafiyar da shi: wata akanta da kowa ke kira Hajiya, da wani dattijo da ya daɗe yana aiki a kamfanin kula da fansho kafin ya dawo nan, sai wani matashi mai kula da kwamfuta da fayil-fayil. Tsarinsu zama biyu ne da rahoto a rubuce. Kafin zaman farko suna aiko wa mutum ta WhatsApp jerin abin da zai zo da shi, wato takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da takardun albashi na watannin baya, da bayanin asusun fansho, da lambar NIN, sannan da lissafin duk wani abu da ke kawo masa kuɗi ban da albashi, ko da kuwa shago ɗaya ne da aka ba wani haya. Wannan na ƙarshe shi ne abin da mutane ke ɓoyewa, kuma Hajiya ta faɗa mini kai tsaye cewa wanda ya ɓoye shi ya yi asarar kuɗin shawararsa, domin a nan ne harajin yake.

Maganar fansho ba ta ɗauki lokaci ba. Hajiya ta buɗe dokar gyaran fansho ta 2014, wadda ta maye gurbin ta 2004, ta ɗora yatsa a kan sashe na 10 ta ce in karanta da kaina. A ƙarƙashin wannan doka ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa a asusun ajiyar fansho, wanda ya ɗauke shi aiki kuma yana zuba aƙalla kashi 10, kuma sashen ya tsare waɗannan kuɗi daga haraji a matakai uku: ana cire gudummawar daga albashi kafin a lissafa haraji, ribar da kuɗin suka haifa a hannun kamfanin fansho ba a taɓa ta, sannan abin da aka biya mutum a matsayin haƙƙin ritaya, dunƙule ne ko na wata-wata, shi ma babu haraji a kansa. Sabuwar dokar haraji ba ta rushe wannan ba, ta ma sake jera fansho da giratuti da haƙƙoƙin ritaya da ake biya bisa dokar fansho cikin abubuwan da aka yafe. Na ji daɗin yadda ba ta tsaya a kan "ka yarda da ni" ba, ta nuna mini rubutun, domin mutum zai iya maimaita wa abokan aikinsa abin da ya gani da idonsa ba tare da ya yi kame-kame ba.

Akwai togaciya guda da ta ja hankalina a kanta, kuma ta shafi masu ƙara gudummawa ta son rai a kan wadda doka ta wajabta. Idan mutum ya cire irin wannan kuɗi kafin su cika shekara 5 da zubawa, ribar da suka samar tana shiga haraji a lokacin cirewa. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ya yi tunanin ya riƙa jibga kuɗi a asusun a shekarunsa biyu na ƙarshe don rage harajin albashi, sannan ya kwashe su da zarar ya fita. Ta ce dabarar tana da amfani ga wanda ya fara da wuri, amma wanda ya farga a makare ya lissafa da kyau kafin ya ɗaure kuɗin da zai buƙata.

Inda aikinsu ya fi daraja shi ne lissafin sauran samu. Ma'aikacin gwamnati yana yin shekara 35 yana aiki, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, ba tare da ya taɓa cike takardar haraji da hannunsa ba, saboda ana cire masa tun daga albashi kafin kuɗin su shiga banki. Ranar da ya ajiye aiki wannan cirewa ta tsaya, sai ya ɗauka shi da hukumar haraji sun rabu ke nan, alhali kuwa yawancinmu ba da fansho kaɗai muke shirin rayuwa ba. Wani ya gina ɗakunan haya a Kubwa ko Lugbe, wani yana da shago a kasuwa, wani zai koma aikin kwantiragi ko ba da shawara ga wata ƙungiya, wani kuma yana da hannun jari a banki. Duk waɗannan samu ne da doka ke kallo, kuma yanzu nauyin bayyana su yana wuyan mai su, wanda ake so ya miƙa bayanin samunsa na shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris.

Hajiya ta zana mini matakan sabuwar doka a kan farar takarda. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka abin ke hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. Sannan ta kawo misali: a ce mai ritaya yana karɓar hayar gida naira miliyan 2.3 a shekara, ya kashe 300,000 wajen gyaran rufi da famfo da fenti kuma yana da rasit, to abin da ya rage miliyan 2 ne, a cire 800,000, saura miliyan 1.2, harajinsa ya zama naira 180,000. Abin da ya fi burge ni a lissafin shi ne fanshon mutum ba ya shiga jimillar ko kaɗan, don haka ba ya tura shi zuwa mataki na sama, kuma wannan rangwame na 800,000 gaba ɗayansa yana sauka ne a kan kuɗin hayar. Ta ƙara da cewa idan mai hayar babban kamfani ne ko wata hukuma, za su cire kashi 10 cikin 100 tun kafin su biya, wato naira 230,000 a wannan misali, abin da ya zarce harajin da ake bin mai gidan. Wanda bai karɓi shaidar wannan cirewa ba, bai kuma miƙa bayanin samunsa ba, ya bar kuɗinsa a hannun hukuma babu mai tuna masa. "Malam," in ji ta, "rasit ɗin mai gyaran famfo kuɗi ne, kada ka bari a nannaɗe ƙosai da shi." Tun daga ranar na ware jakar leda guda don irin waɗannan takardu.

Sun kuma warware mini wata tambaya da ta shafi Abuja musamman. Harajin mutum yana zuwa ne ga hukumar wurin da yake zaune, don haka mazaunin Gwarinpa ko Karu ta cikin birnin tarayya zai yi hulɗa da hukumar tara haraji ta Abuja, amma wanda ya koma gidansa a Mararaba ko Masaka ya shiga hannun jihar Nasarawa, na Suleja kuma jihar Neja, wanda ya tattara ya koma Jos kuwa jihar Filato ce za ta neme shi. Da yawa daga cikin masu ritaya suna barin tsakiyar gari saboda tsadar haya, kuma ba sa tunanin fayil ɗinsu na haraji ya kamata ya bi su, sai ranar da aka nemi takardar shaidar biyan haraji wajen wata harkar fili ko kwangila. Ga wanda zai ci gaba da zaman haya kuwa, sabuwar doka ta soke tsohon rangwamen bai ɗaya da aka saba cirewa daga albashi, ta kawo rangwamen haya na kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Hajiya ba ta yi ƙarin gishiri a nan ba, ta ce wanda fansho kaɗai yake karɓa wannan rangwame bai ƙare shi da komai ba tunda dama babu harajin da za a rage masa, sai mai wani samu na daban.

Ɓangaren takardu aikin matashin nan ne, kuma ya yi shi da natsuwa. Ya jera takardar ɗaukar aikina da bayanin asusun fansho da na NIN a kan tebur, ya bi su harafi bayan harafi da bakin biro, ya gano cewa sunan mahaifina an rubuta shi iri biyu, wata takarda da harafi ɗaya a tsakiya, wata da biyu. Ya ce irin wannan saɓani, ko na ranar haihuwa, shi ne ke tsayar da biyan mutane watanni, kuma gyaransa ya fi sauƙi tun mutum yana ofis yana da wanda zai sa masa hannu. Ya tuna mini da sabunta bayanai a kamfanin fansho, da rajistar da hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ke yi wa ma'aikatan tarayya masu shirin fita, wadda a kanta ake lissafa haƙƙin shekarun da mutum ya yi kafin sabon tsarin gudummawa ya fara a 2004. Wanda ya shiga aiki kafin wannan shekara yana da kaso biyu ke nan, wanda ke cikin asusunsa da wanda gwamnati za ta zuba masa, kuma jinkirin na biyun ne ya daɗe yana sa masu ritaya zaman jira. Shawararsu a nan mai sauƙi ce: mutum ya tanadi abin da zai riƙe gida na wasu watanni bayan albashin ƙarshe, kada ya ɗora bikin 'ya ko kuɗin makaranta a kan ranar da yake zaton za a biya shi.

Sai zama na biyu, wanda dattijon ya jagoranta, kuma a nan ne na fara ja da baya. Mai ritaya a wannan tsari, bayan ya karɓi wani kaso a dunƙule, yana da zaɓi biyu game da ragowar. Ko ya bar kuɗin a hannun kamfanin fansho a riƙa biyansa wata-wata bisa lissafi, kuɗin na ci gaba da juyawa, abin da ya rage bayan rasuwarsa kuma ya zama na magada. Ko ya miƙa su ga kamfanin inshorar rai, ƙarƙashin kulawar hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, a riƙa biyansa wani adadi har ƙarshen ransa. A na biyun akwai lamunin shekara 10, ma'ana idan mutum ya rasu kafin su cika za a biya magadansa ragowar waɗannan shekaru, idan kuma ya wuce su to babu abin da zai bari. Mutum yana iya tashi daga na farko ya koma na biyu, amma wanda ya shiga na inshora ba shi da hanyar dawowa. Duka biyun babu haraji a kansu, saboda haka haraji ba shi ne ma'aunin zaɓi ba.

Dattijon ya faɗi duk wannan daidai, sai dai nauyin maganarsa ya karkata ga inshora ƙwarai. Ya daɗe yana kwatanta tashin hankalin tsohon da kuɗinsa suka ƙare yana da rai, wanda gaskiya ne abin tsoro ne, amma ya wuce batun hauhawar farashi da jimla ɗaya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, kuma a irin wannan yanayi adadin da ba ya motsi yana rasa kusan rubu'in ƙarfin sayayyarsa a shekara guda. Duk wanda ya ga abin da ya faru da kuɗin mota da na abinci a Abuja bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A tsarin biyan wata-wata na kamfanin fansho, aƙalla akan yi wa waɗanda asusunsu ya yi riba ƙari lokaci-lokaci. Na tambaye shi cikin ladabi, "Yallaɓai, ko ofishin nan yana samun la'ada idan mutum ya zaɓi inshora ta hannunku?" Ya yi ɗan jim, ya ce suna da alaƙa da wani kamfani, amma ba ta shafar shawararsu. Ban zarge shi da ƙarya ba, sai dai abu ne da ya kamata a faɗa tun a bakin ƙofa ba sai an tambaya ba, kuma ofishin da ke karɓar kuɗin shawara daga hannun mutum bai dace ya riƙe wata igiyar a ɓoye ba. Ni ban ce inshora ba ta da amfani, domin wanda danginsa ke da tsawon rai, 'ya'yansa sun kama kansu, kuma ba ya son lissafi, tana iya dacewa da shi. Abin da na ƙi shi ne a nuna mini gefe ɗaya da fitila, ɗayan a bar shi a duhu, a kan shawarar da in an yanke ba a iya warware ta.

Wuri na biyu da suka gaza ya shafi abin da Musulmi da yawa za su fara tambaya. Tun 2018 aka kasa kuɗin fansho zuwa asusu daban-daban gwargwadon shekarun mutum da yawan kasadar da zai iya ɗauka, inda ake sa 'yan ƙasa da shekara 50 a na biyu, masu 50 zuwa sama a na uku, masu ritaya a na huɗu, sannan a 2021 aka ƙaddamar da na shida wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ana zuba kuɗinsa a irin su sukuk, wato jarin da ya dace da shari'ar Musulunci, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Da na tambaya sun san da shi, amma ba su da kwatancen ribarsa da ta sauran a hannu, kuma rahotonsu bai ambace shi ba sam. Haka batun gado. Sun ce in tabbatar sunan makusancin da na rubuta a fom daidai ne, amma sai da na matsa kafin suka fayyace cewa wannan suna ba ya mayar da mutum magaji, kuma kamfanin fansho ba zai saki kuɗin mamaci ba sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu mai ba da ikon kula da dukiyarsa. Ga mai mata fiye da ɗaya da 'ya'ya ɗaki-ɗaki wannan ba ƙaramar magana ba ce, kuma rigimar da ke biyo bayan rashin fahimtarta ta fi kowane haraji cin dukiya. Zakka kuwa ba su taɓo ta ba, na kuma yi musu uzuri, tunda wannan fagen malamai ne.

Kuɗin da suke karɓa bai kai abin da mutum zai yi asara ba idan ya bar shaidar cire haraji ta shekara guda ta salwanta, amma yana da nauyi ga ƙaramin ma'aikaci, kuma ba su da rangwame ga wanda tambaya ɗaya ce ta kawo shi. Rahoton ya zo a kan lokacin da suka ɗiba, shafuka kaɗan masu tsabta, da jadawalin samu da haraji na shekarun farko na ritaya, sai dai da Turanci ne zalla, alhali zaman da Hausa muka yi shi, kuma uwargida da ya kamata ta san abin da ke ciki sai da na zauna na fassara mata. Benen ba shi da na'urar hawa, matakalar kuma tana da tsayi, abin mamaki ga wurin da yawancin baƙinsa sun haura hamsin. Na tarar da wani bawan Allah yana hutawa a tsakiyarta riƙe da fayil. Wurin ajiye mota ma sai an sha wuya, gara mutum ya je da safe kafin kasuwa ta cika.

Wanda zai fi cin moriyar wannan ofis shi ne ma'aikacin da ya rage masa shekara 5 zuwa 10, yana da gidan haya ko wata sana'a a gefe, domin shi ne ke da lokacin gyara takardu, da fara gudummawar son rai da za ta cika shekarunta, da sauya kamfanin fansho idan bai gamsu ba, abin da doka ta ba shi dama sau ɗaya a shekara tun da aka buɗe ƙofar a watan Nuwambar 2020. Wanda fansho kaɗai zai dogara da shi ba ya buƙatar biyan kowa don a gaya masa babu haraji a kansa, kamfanin fanshonsa zai ba shi wannan amsa kyauta. Tsofaffin da ke karɓa ta hannun PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tarayya a tsohon tsari, da sojoji waɗanda ba sa cikin tsarin gudummawa, su ma lissafin asusun da ake yi a nan bai shafe su ba, sai dai in suna da haya ko kasuwanci da suke son a daidaita musu harajinsa, kuma a wannan hali Hajiya za su nema, su ce mata zama ɗaya suke so.